Talaka Da Magani: Darasi Daga Aikin Likita Paul Farmer

A ran 21 ga watan Fabrairu na shekarar 2022 wani likita Ba'amurke mai suna Paul Farmer ya rasu cikin barcinsa a garin Butaro da ke cikin duwatsun arewacin ƙasar Ruwanda, yana da shekara 62 da haihuwa. Ajali ya same shi ne a wurin aiki, domin a kwanakin nan yana koyar da ɗaliban likita a jami'ar da ya taimaka aka kafa a garin, yana kuma zagayen duba marasa lafiya a asibitin da ke kusa da ita. Shi dai ƙwararre ne a fannin cututtuka masu yaɗuwa, kuma babban malami a Jami'ar Harvard, wanda da ya ga dama da ya yi zamansa a birnin Boston cikin daraja da wadata. Maimakon haka sai ya shafe kusan shekara 40 yana kai da kawowa tsakanin Boston da ƙauyukan Haiti, da unguwannin talakawa na Peru, da gidajen kurkuku na Rasha, da karkarar Afirka, yana neman marasa lafiyan da sauran duniya ta riga ta fid da tsammani a kansu.

Dalilin da ya sa ya kamata ma'aikacin gwamnati da ɗalibi su san labarin wannan mutum ya wuce sha'awar halin kirkinsa. Akwai maganganu guda biyu da aka saba ji a ofisoshi da asibitoci duk sa'ad da talaka ya mutu da cutar da ta ke da magani. Ta farko ita ce laifinsa ne, wai jahili ne mai taurin kai, bai zo da wuri ba, ya bar shan magani ya tafi wurin boka. Ta biyu kuwa ita ce maganin ya yi tsada, ƙasa matalauciya ba ta da halin sayensa, saboda haka gara a haƙura. Farmer da abokan aikinsa sun ɗauki waɗannan maganganu biyu sun gwada su a fili, da ƙidaya da rubutu, har suka nuna cewa yawanci uzuri ne da hukumomi ke fakewa da shi. Duk wanda ke riƙe da fayil ɗin kasafin kuɗi, ko ya ke fatan riƙe shi wata rana, ya kamata ya san yadda gwajin ya kasance.

MAFARIN AIKIN

An haifi Farmer ran 26 ga watan Oktoba na 1959 a Jihar Massachusetts, ya tashi a Jihar Florida, shi ne na biyu cikin 'ya'ya shida. Gidansu ba na masu hali ba ne, har sun yi shekaru suna zaune cikin wata tsohuwar motar bas da mahaifinsu ya mayar ɗakin kwana, daga baya kuma suka koma cikin jirgin ruwa. Ya sami tallafin karatu ya shiga Jami'ar Duke, inda ya karanta ilimin al'adu da zamantakewar ɗan Adam, ya gama a 1982. Tun yana can ya riƙa ziyartar sansanonin 'yan ci-rani masu ƙwadago a gonakin taba, waɗanda da yawansu mutanen Haiti ne, abin da ya sa a 1983 ya tafi ya ga ƙasarsu da idonsa.

Haiti ƙasar baƙar fata ce a tsibiran Karebiyan, wadda bayi suka ƙwace daga hannun Faransa suka ayyana 'yancinta a 1804. A 1825 Faransa ta tilasta mata biyan diyya ta faran miliyan 150 kafin ta amince da 'yancin, bashin da ya daɗe yana tsotse arzikin ƙasar. A tsakiyar ƙasar Farmer ya iske wani ƙauye mai suna Cange. Mutanen wurin manoma ne da a da su ke da gonaki masu albarka a kwarin kogin Artibonite, sai a 1956 aka gama gina madatsar ruwa ta Péligre, ruwa ya cinye gonakin, suka hau kan busassun tuddai suka kafa bukkoki. Amfanin madatsar ya tafi ga manyan gonaki na ƙasa da kogin da kuma babban birni, su kuwa aka bar su da yunwa da zawo da tarin fuka. A nan ne saurayin ya fahimci abin da ya zama ginshiƙin tunaninsa har ƙarshen rayuwarsa, watau ƙwayar cuta ce ke sa ciwo, amma shawarar da mutane suka yanke a ofis, wani lokaci shekaru da yawa baya, ita ke zaɓen wanda zai kamu da wanda zai mutu.

Wani limamin kirista ɗan ƙasar, Fritz Lafontant, ya riga ya buɗe makaranta a Cange, shi ne kuma ya jawo Farmer cikin aikin kafa ɗakin shan magani. A 1987 Farmer da Ophelia Dahl da Jim Yong Kim da Todd McCormack da wani attajirin ɗan kwangila na Boston mai suna Tom White suka kafa ƙungiyar Partners In Health, ma'ana abokan tarayya a sha'anin lafiya, wadda reshenta na Haiti a ke kira Zanmi Lasante. Duk wannan ya faru ne yana ɗalibin likita a Harvard, inda ya karɓi digirin likita da digirin digirgir a 1990. Farmer ɗan ɗariƙar Katolika ne, kuma bai ɓoye cewa koyarwar wasu malaman cocin na Kudancin Amurka, musamman Gustavo Gutiérrez na Peru, wadda ke cewa a fara da matalauci kafin kowa, ita ce ta ba shi alƙibla.

GWAJIN TARIN FUKA

A ƙarshen shekarun 1980 wasu masu tarin fuka suka mutu a yankin Cange, alhali kuwa kyauta a ke ba su magani. Ma'aikatan suka zauna don gano dalili, ra'ayi ya rabu biyu. Masu ilimin boko mai zurfi suka ce mutanen sun gaskata cewa sammu aka yi musu, don haka da zarar sun ji sauƙi sai su watsar da ƙwayoyin. Ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda ke zaune tare da marasa lafiyan, suka ce su dai abin da suka lura shi ne mafi talauci cikin majinyatan su ne ke mutuwa, domin ba su da abinci, ba su da kuɗin hawa mota ko jaki zuwa asibiti.

Maimakon a ci gaba da gardama sai aka yi gwaji daga 1989. Aka bi sawun rukuni biyu na majinyata, kowane mutum 50. Rukuni ɗaya aka ba su magani kyauta kamar yadda aka saba. Ɗaya rukunin kuwa, ban da maganin, aka haɗa musu da ɗan kuɗin abinci, da kuɗin mota, da ma'aikacin lafiya na ƙauyensu mai zuwa gida ya ga sun sha magani, wanda kuma zai bi sawunsu in ba su zo asibiti ranar da aka sa musu ba. Sakamakon da aka buga a 1991 ya nuna kusan dukan rukuni na biyu sun warke, amma a rukunin da aka ba magani kaɗai wajen rabi ne suka warke. Abin da ya fi ban sha'awa shi ne, a duka rukunan biyu akwai masu yawa da suka yarda cewa da hannun maƙiya a ciwonsu, kuma wannan imani bai hana waɗanda aka tallafa wa warkewa ba. Ashe dai da ruwan ciki a ke jan na rijiya. Mutumin da ya kwana bai ci ba, ga ƙwayoyi masu tayar da zuciya da zai haɗiya wata shida ko fiye, ga tafiyar yini guda zuwa asibiti, in ya yanke shan magani ba wa'azi ya ke bukata ba, hatsi da kuɗin mota ya ke bukata.

Daga wannan gwaji aka sami tsarin da ƙungiyar ta shahara da shi, watau tsarin 'yan rakiya. Ɗan rakiya maƙwabci ne da aka horar, a ke kuma biyansa albashi, ya kai wa majinyaci magani kullum, ya lura da halin gidan, ya kai rahoto asibiti. Farmer ya dage a kan batun albashin, yana ganin rashin adalci ne a biya likita da babban jami'i amma a ce wa matalauciyar ƙauye ta yi aikin sa kai.

BATUN TSADA

Magana ta biyu, ta tsada, a ƙasar Peru aka fara gwada ta. A 1995 wani limamin kirista abokinsu, Jack Roussin, wanda ya yi aiki a unguwar Carabayllo a gefen birnin Lima, ya mutu da tarin fuka, bincike kuma ya nuna irin wanda ba ya jin magani ne. Irin wannan tarin yana samuwa ne sa'ad da ƙwayar cutar ta saba da magunguna biyu mafiya ƙarfi, watau isoniazid da rifampicin, sau da yawa saboda yankewar magani ko ba da shi ba bisa ƙa'ida ba, daga nan kuma mai ɗauke da ita ya shaƙa wa iyalinsa ita kai tsaye. Wani likita ɗan Peru, Jaime Bayona, ya bi asibitocin unguwar ya tarar da mutane da yawa da suka sha magani daidai yadda aka umurce su amma ba su warke ba, a ke ta maimaita musu maganin da ya riga ya daina aiki a jikinsu.

A wancan zamani ra'ayin manyan masana, har da na Hukumar Lafiya ta Duniya, shi ne jinyar irin waɗannan mutane a ƙasashe matalauta ɓarnar kuɗi ce, domin maganin mutum guda yana cin dubban daloli kuma sai an yi wajen shekara biyu ana sha ana allura. Farmer ya ce iska ba ta san iyakar unguwa ba, wanda aka bari ba magani zai ci gaba da yaɗa cutar har ranar da zai mutu. Daga 1996 suka fara jinyar mutanen a gidajensu ta hannun 'yan rakiya. Rahoton da aka buga a 2003 ya nuna cikin majinyata 66 da suka kai wata huɗu ko fiye suna shan maganin, 55 sun nuna alamun warkewa, watau kashi 83 cikin 100, adadin da manyan asibitocin Amurka ma za su yi alfahari da shi.

Shi kuwa Jim Kim, wanda daga baya ya shugabanci Bankin Duniya daga 2012 zuwa 2019, sai ya binciki dalilin tsadar. Ya gano cewa yawancin magungunan tsofaffi ne da haƙƙin mallakarsu ya daɗe da ƙarewa, tsadarsu ta samo asali ne daga ƙarancin masu saye. Ba a saye don da tsada, da tsada kuma don ba a saye. Da aka haɗa kan masu saye, aka kafa wani kwamiti a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya a shekarar 2000 don tantance masu karɓar maganin, farashin wasu daga cikinsu ya faɗi da fiye da kashi 90 cikin 100. Tun daga 2022 kuma hukumar ta amince da wani sabon haɗi na wata shida, na haɗiya zalla ba allura, ga yawancin masu irin wannan tari.

Haka labarin ya maimaita kansa a kan cutar ƙanjamau. Tun 1996 aka sami haɗin magunguna da ke danne ƙwayar cutar, amma kuɗinsa na shekara ya kai dala 10,000 ko fiye ga mutum guda, sai aka ce Afirka da Haiti su tsaya ga rigakafi kawai. A 2001 shugaban hukumar ba da agaji ta Amurka na lokacin, Andrew Natsios, har ya kafa hujja da cewa 'yan Afirka da yawa ba su san agogo ba, don haka ba za su iya shan magani a kan lokaci ba. Alhali tun 1998 a ke ba manoman Cange maganin, 'yan rakiya na kai musu kowace safiya, mutanen da aka kawo a kan makara suna tashi suna komawa gona. Rahoton wannan aiki da aka buga a 2001 ya zama hujja a hannun masu fafutuka. A shekarar nan kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin sayar da haɗin a kan dala 350 a shekara, a 2002 aka kafa Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, a 2003 kuma Amurka ta buɗe shirinta na PEPFAR. Zuwa 2023 mutum fiye da miliyan 30 ne ke shan maganin a duniya, farashinsa kuma ya sauko ƙasa da dala 50 a shekara a ƙasashe matalauta. Ba Farmer kaɗai ya yi wannan ba, domin masu ɗauke da cutar a Afirka ta Kudu da Brazil da sauran wurare sun yi gwagwarmaya mai tsanani, amma ƙauyen Cange ya taimaka wajen rushe hujjar cewa abin ba zai yiwu ba.

Gaskiya ne rigakafi ya fi magani, amma wannan karin magana nasiha ce ga mai lafiya. In aka faɗa wa wanda ya riga ya kwanta, to an mayar da ita hanyar sallamarsa. Ƙari a kan haka, a Haiti an ga cewa da magani ya samu sai mutane suka riƙa fitowa gwaji da kansu, domin ba wanda zai so a gaya masa yana da cutar da ba za a yi masa kome a kanta ba. Annobar Ebola ta 2014 zuwa 2016, wadda ta kashe mutum fiye da 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo, ta ƙara tabbatar da haka. Cikin majinyata 27 da aka yi jinyarsu a Turai da Amurka, 5 ne suka mutu, domin sun sami ƙarin ruwa da gwajin jini da kulawar ma'aikatan jinya dare da rana. A Afirka ta Yamma kuwa an fi mai da hankali ga killace mutane fiye da jinyarsu, shi ya sa da yawa suka riƙa ɓuya. Farmer, wanda ƙungiyarsa ta shiga Saliyo da Laberiya a 2014, ya riƙa nanata cewa abin da ya kashe mutanen shi ne rashin ma'aikata, da kayan aiki, da wurin jinya mai tsabta, da tsarin da zai haɗa su.

ABIN DA MASU SUKA KE CEWA

Akwai masu sukar wannan tafarki, kuma maganarsu tana da nauyi. Suna cewa Farmer yana da Harvard a bayansa, yana da Tom White wanda ya zuba dukiyarsa cikin aikin, yana da Gidauniyar Gates wadda a shekarar 2000 ta ba da kusan dala miliyan 45 don aikin Peru. Kwamishinan lafiya da ke da jiha guda a wuyansa da ɗan kasafin da bai taka kara ya karya ba, dole ya zaɓi inda Naira ɗaya za ta ceci rai mafi yawa, kuma kuɗin jinyar mutum guda mai wuyar magani zai iya yi wa yara ɗaruruwa allurar rigakafi. Wannan lissafi gaskiya ne a ranar da aka yi shi. Kuskuren shi ne ɗaukar farashin yau da kasafin yau kamar abubuwan da aka saukar daga sama. Labarin maganin ƙanjamau ya nuna farashi abu ne da mutane ke sawa, mutane kuma ke saukarwa, kuma da an bi lissafin 2001 da miliyoyin da ke raye yau suna cikin ƙasa.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi, ita ce zanen aro ba ya rufe katara. Bayan girgizar ƙasa ta ran 12 ga Janairu 2010, ƙungiyar ta gina asibitin koyarwa mai gado wajen 300 a garin Mirebalais, aka buɗe shi a 2013, yana aiki da hasken rana. A 2025 'yan bindiga suka far wa garin, dole aka kwashe majinyata da ma'aikata aka rufe shi. A shekarar nan kuma gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin agajin da ta ke bayarwa a ƙasashen waje, ta rushe hukumar agajin nata, asibitoci da yawa a Afirka suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Wannan ya nuna cewa asibiti, kome kyansa, ba ya tsayawa inda hukuma ta faɗi, kuma lafiyar jama'a ba ta dogara ga alherin baƙo har abada.

Shi kansa Farmer ya riga masu sukar faɗin haka. Ya sha cewa ƙungiyar agaji tana iya yin kyauta, amma gwamnati ce kaɗai ke iya mayar da jinya ta zama haƙƙin ɗan ƙasa. Saboda haka asibitin Mirebalais mallakar ma'aikatar lafiya ta Haiti ne. Haka kuma da gwamnatin Ruwanda ta gayyace su a 2005, cikin asibitocin gwamnati suka shiga, suka fara da na Rwinkwavu, sa'an nan aka buɗe na Butaro a 2011, da sashen jinyar ciwon daji a 2012, da jami'ar koyar da aikin lafiya a 2015. Ruwanda, wadda ta fito daga kisan ƙare dangi na 1994, ta sa ma'aikatan lafiya a kowane ƙauye, ta kafa inshorar lafiya ta jama'a, kuma mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauko daga 196 cikin kowane 1,000 a shekarar 2000 zuwa 50 a 2015. Yabon wannan na 'yan Ruwanda ne, irin su Agnes Binagwaho wadda ta riƙe ma'aikatar lafiya daga 2011 zuwa 2016, da dubban ma'aikatan da ba a san sunansu ba. Bambancin Haiti da Ruwanda shi ne babban darasin: likita ɗaya ne, ƙungiya ɗaya ce, amma inda hukuma ta tsaya da ƙafafunta a nan aikin ya yi saiwa.

INDA ABIN YA SHAFI ƘASAR NAN

Tarin fuka bai zama tarihi ba. A 2023 ya kama mutum wajen miliyan 10.8 a duniya, ya kashe kimanin miliyan 1.25, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu fama da shi. Maganinsa kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta tanada, kamar yadda ya ke kyauta a Cange kafin gwajin 1989. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin rabin gidajen da cutar ta shiga a duniya suna asarar fiye da kashi 20 cikin 100 na abin da su ke samu a shekara, ta hanyar kuɗin mota da abinci da gwaje-gwaje da barin sana'a. Saboda haka kalmar kyauta da ke rubuce a jikin allo ba ta kai ga aljihun magidancin da ke tari ba.

Alkawura kuwa ba a rasa su ba. A 1978 ƙasashen duniya suka amince a taron Alma-Ata cewa kiwon lafiya matakin farko shi ne tushe, kuma Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya yi ƙoƙarin dasa wannan a ƙananan hukumomi sa'ad da ya ke ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, amma kasafin Gwamnatin Tarayya ya daɗe yana yawo a wajen kashi 5. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi asusu na musamman da zai karɓi aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Duk da haka fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da a ke kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun jama'a ya ke fita kai tsaye. Ƙasar da ta kashe wutar Ebola a 2014 da mutum 20 kacal suka kamu, ta hanyar jaruntakar irin su Dakta Ameyo Adadevoh wadda ta rasa ranta a kai, da kuma bin sawun duk wanda ya yi cuɗanya da mai cutar gida gida, ba za ta ce ba ta san yadda a ke rakiyar majinyaci ba.

Abin da ya kamata a ɗauka daga aikin Farmer bai fi ƙarfin ma'aikata ba. Na ɗaya, a sauya yadda a ke karanta rijista. In aka rubuta cewa majinyaci ya gudu daga shan magani, to a ɗauke shi tambaya ce ga ofis: nawa ne kuɗin mota daga ƙauyensa, ya tarar da magani a sito ranar da ya zo, wa ya bi shi gida? Na biyu, a sa kuɗin abinci da na mota na masu doguwar jinya cikin kasafi a matsayin ɓangaren magani, domin yankewar magani ita ke haifar da tarin da jinyarsa ta ninka tsada sau da yawa. Na uku, a biya ma'aikatan lafiya na ƙauye albashinsu a kan kari, a daina kiransu 'yan sa kai sa'ad da a ke so a kauce wa biyansu. Na huɗu, a daina mayar da aikin karkara horo ga ma'aikacin da ya saɓa wa maigidansa, a tanadar masa gida da ruwa da kayan aiki yadda zama zai yiwu.

Akawun da ya danne takardar biyan kuɗin magani mako uku a kan teburinsa, da mai sito da ya bar ƙwayoyi suka lalace, da jami'in da ya yanke kuɗin man babur na mai zagayen ƙauyuka don a sayi labulen ofis, ba su taɓa ganin fuskar wanda ya mutu ba, amma suna cikin dalilan mutuwarsa, kamar yadda waɗanda suka sa hannu a takardar madatsar Péligre ba su taɓa ganin mutanen Cange ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, albashin ma'aikaci kuwa daga harajin wannan talaka ya ke fitowa.

Ɗalibai kuma, musamman masu karatun likita da jinya da haɗa magunguna, su lura cewa Farmer bai bar ilimi don ya yi tausayi ba. Ya ƙware a fanninsa, ya ƙidaya majinyatansa, ya rubuta sakamakon ya buga a manyan mujallun likitoci, shi ya sa waɗanda suka so su kore shi da cewa mai zafin zuciya ne kawai suka rasa ta cewa. Yana ɗan shekara 23 ya fara zuwa Cange, watau sa'ar mai shirin tafiya bautar ƙasa. Wanda aka tura wani ɗakin shan magani a ƙauye a bana, ya buɗe rijistar masu tarin fuka, ya ƙidaya waɗanda suka daina zuwa, ya nemi gidajensu ya tambaye su dalili, sa'an nan ya rubuta abin da ya ji ya aika wa shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Da irin wannan ƙidaya aka fara a Cange.